Ɗan Dutsen Niƙa a Ƙirjin Inna

Shekarar da aka kwashe mazan ƙauyenmu na bayan Dutse zuwa aikin hanyar jirgin ƙasa na Turawa, har da Baba, Inna ta fara ciwon ƙirji. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ja na a jiki. Kunya ce ta al'ada, amma a lokacin na ɗauka ba ta so na ne.

Wata la'asar na same ta a gindin dabino, ta bar niƙan gero, ta dafe ƙirji tana numfashi sama-sama. Gidan ba kowa sai awaki.

Ta ce, "Ke, miƙo mini ɗan dutsen nan."

Ɗan dutsen niƙa ne, rana ta gasa shi, yana ƙamshin gero. Ta kwanta a tabarma, ta ɗora shi a ƙirji, ta kamo hannuna ta aza a kai. Ina jin bugun zuciyarta ta cikin dutsen.

"Inna, in je wurin Malam ya yi miki rubutu?"

"Na sha jiya. Wannan tunanin babanki ne ya rasa wurin zama. Ki danna kawai."

Na yi ta dannawa har numfashinta ya daidaita. Ba ta saki hannuna ba sai da aka kira magariba.

Yanzu na tsufa, ƙirjina yana yin irin nata. Dutsen yana wurina, kullum ina ajiye shi a rana. Mai danna mini ne babu.