Baba a Gaban Kyamara

"Tsaya! A sake!" daraktar ta daka tsawa. "Baba, kyamara za ka kalla, ba takalminka ba."

Tsohon ya share gumi. Jimla ɗaya tak aka ba shi, ya yi wa masu kallo godiya. Tun safe ake abu ɗaya, ga shi yau za a haska shirin.

"'Yata, ƙafafuna sun gaji."

"Ina ruwan masu kallo da ƙafafunka? Kuma gyara murmushin nan, sai ka ce an taka maka yatsa!"

Da ya fita shan ruwa yana jan ƙafa, mai kyamara ya matso kusa da ita.

"Anti, ki tausaya masa mana. Babban darakta ne fa, finafinansa ba sa ƙirguwa. Karrama shi muka zo yi. Kuma ai ɗaukar farko ta yi kyau."

"Na sani, ita za mu saka," ta ce tana dariya ƙasa-ƙasa. "A fim ɗina na farko, ina 'yar wasa, wuni guda mutumin nan ya sa ni ina buɗe ƙofa ɗaya. Kira shi, a sake!"