Da'irar Toka a Lausu

Ban yi boko ba. Sau ɗaya na taka filin makarantar Lausu.

Da la'asar ne, ina koro jakinmu da taki. Malamin 'yan sikawut ya zana da'irori da toka, ya ba kowane yaro sunan ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaya rana.

Da ya hango ni, ya ce, "Kai mai jaki, zo tsakiya ka zama rana. Kada ka motsa, kai za su zagaya."

Jakin ya koma gida shi kaɗai. Sai ga Baba da tsumagiya.

"Malam, ba ni yarona."

"Haba Baba, in ya gusa, duk sun watse."

Baba ya dube ni, duk jikina taki, masu kaki suna zagaya ni. Ya mayar da tsumagiyar bayansa, ya jira suka gama.

Ranar da muka binne shi, tsayuwar nan tasa na tuna.