Sawu Cikin Hazon Teku

Sawun takalmin ya tsallake shinge, ya miƙe gidan maƙwabciyarsa. Ai dama ya faɗa! Tun da rediyo ya ce ruwa da hazo za su rufe gaɓar Tasmaniya, kullum safiya sai ɗan rago sabon haihuwa ya ɓace masa. Matar da ko gaisuwarsa ba ta amsawa tun rigimar iyakar gona, me ba za ta aikata ba?

Ya banke ƙofar kicin ɗinta, yatsunsa a ƙandare don sanyi.

"Ina dabbobina?"

"Rufe ƙofa, tsohon banza, kana shigo musu da iska! Cikin taɓo na tsinto su."

Ga su nan su uku a gindin murhu, suna numfashi, nannaɗe cikin rigar sanyin marigayi mijinta.