Tsohon da Ke Neman Ƙasar Kiristoci

Fenti ya bushe a kan taswirar ke nan sai ga wani tsoho ya shigo, yana laluben ƙofa da sanda. Yanar ido ta cinye masa gani, inuwa kawai yake gani.

Shagon buga taswirorin makarantu ne. Mutum biyu ke aiki a ciki, mai shago da matar da ke masa zane, wadda yake kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa. Ranar nan taswirar addinai take yi, ta shafa shuɗi a kan duk ƙasar da Kiristoci suka fi yawa. Tsohon na yin sallama, Rediyo ta ɗauke wuta.

"Daga nesa nake," in ji tsohon. "An ce nan ake zana duniya. Ku nuna min ƙasar Kiristoci."

Mai shago ya yi dariya. "Baba, wacce daga ciki?"

Ashe bawan Allah ya ɗauka guda ɗaya ce, a shiga mota a sauka. Ya ce 'yarsa yake nema. Shekarun baya ta bi addinin mijinta, shi kuwa ya rantse ba za ta ƙara taka masa gida ba. Daga baya ya ji ƙishin-ƙishin wai ta tafi ƙasar Kiristoci. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Rediyo ta jawo masa kujera nesa da iskar fanka. Ta kawo ruwa, ba na firji ba. Sannan ta ɗauko kwalin fil, ta bi kowane shuɗi tana cakawa, don yatsa ya ga abin da ido ya kasa.

Tsohon ya ɗora hannu. Fil. Ya matsa, fil. Ya tsallaka teku, fil birjik kamar ƙaya. Tun yana ƙirgawa a fili har ya koma motsa leɓe, har ya bari. Wallahi duk taurin kansa, da ka gan shi sai ka tausaya masa.

"Sun haura ɗari, Baba," in ji mai shago, dariyar ta gudu. "Ka yafe mata daga nan mana. Ai addu'a ba ta neman biza."

Tsohon ya janye hannunsa. "Wa ya ce maka yafiya na kawo? Ni na yi rantsuwa. Saƙo ne a wuyana." Ya sunkuyar da kai. "Uwarta ce ta rasu makon jiya. Har ta cika sunan yarinyar ne a bakinta. Ta ce duk inda take in je in gaya mata da bakina, ita ba ta taɓa fushi da ita ba. To ta ina zan fara?"

Ya miƙe yana laluben sandarsa, Rediyo ta saka masa ita a hannu. Ya fita yana cewa Allah ya yi wa mai zanen nan albarka, 'yar mutane ce mai hankali.

Mai shago ya juyo ya tarar da Rediyo durƙushe, ta cusa bakin ɗankwali a baki kada kukan ya kai titi.

"Ke, lafiya?"

Ina fa lafiya ga wadda yanzun nan ta ji mutuwar uwarta daga bakin uban da ya sa mata albarka don bai gane ta ba.