Attajiri da Lambun Mai Tukwane

Ka tambaye ni yadda masu ɗaukar nauyin shari'ar wani suke gane ƙarar da za ta yi nasara. To, gyara zama, ɗana.

A wani gari an yi wani attajiri mai wannan sana'a. In an zalunci mutum, ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, sai ya ɗauke masa komai. In an yi nasara a ba shi kasonsa, in an faɗi kuwa asararsa ce shi kaɗai. Wata ranar kasuwa mutum biyu suka zo masa. Na farko dillali ne, baki kamar zuma. Ya ce an ƙwace masa fili a bakin kogi, ya tsara magana har mazauna zaure suna gyaɗa kai, suna cewa ko yau aka shiga kotu an gama. Ta biyu wata dattijuwa ce mai ginin tukwane. Wani maƙwabci mai hali ya zagaye lambun mangwaron da ta gada da katanga, shekara uku ke nan yana tsinke 'ya'yan. Ba ta iya zance ba, sai in'ina, sai murza bakin mayafi, har wasu suka fara dariya. Attajiri bai ce wa kowa e ko a'a ba. Cewa ya yi, "Gobe kowa ya kai ni wurin."

Da safe ya sa takalmi ya bi dillali. Ashe tun damina biyu da suka wuce kogi ya cinye filin, agwagi ne ke iyo a kai, shaidun dillalin kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Attajiri ya yi dariya, ya sallame shi da goro. A lambu kuwa dattijuwa ta kwance wani tsumma, sai ga takardar ciniki ta mahaifinta da hatimin mai unguwa. Attajiri ya sa aka tona gindin katanga, sai ga dutsen iyaka, lambarsa ta yi daidai da ta takarda. Tsofaffi biyu da aka yi cinikin a gabansu suna nan da ransu da hankalinsu. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ya zo ɗaya. Ya kuma bincika, ya tabbatar maƙwabcin yana da abin biyan diyya. Nan ya ce, "Baba, share hawayenki, na ɗauka."

Zama huɗu aka yi alƙali ya mayar mata da lambunta, haɗe da diyya. Ranar da aka rushe katangar, guɗa ta cika unguwa. Dattijuwar da ba ta iya zance ba ita ce kan gaba wajen rawa, tana raba mangwaro kwando-kwando, shi kuma attajiri yana zaune a inuwa yana tsotsar nasa, ruwan yana bin gemunsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.