Dariyar da Nusaiba Ta Haɗiye

Da aka kafa dokar zaɓen jini ɗaya, Nusaiba ta zaɓi Hausar uwarta, aka sa mata ƙwaya a kunne mai toshe yaren ubanta, ɗan ƙasar Sin. Duk wanda aka kama yana jin yaren da ya bari, korarsa ake yi daga unguwa.

Ranar Laraba ta raka tsohon ubanta wurin mahauci. Ya dubi tsokar, ya yi gunaguni da yarensu cewa wannan saniyar ta girme shi. Ƙwayar ba ta toshe maganar ba, kafaɗar Nusaiba ta motsa.

Tanimu mahauci ya tsayar da wuƙa. "Hajiya, me Baba ya ce?"

"Ina zan sani?"

"Na ga kamar dariya ta taso miki."

"Tari ne."

Tanimu ya ci gaba da yanka, idonsa na kan kunnenta. Har suka isa gida, tsohon bai ƙara buɗe baki ba.