Na'urar da Ta Yi Gardama da Alƙali

Khalfan ya ƙara murza notin bawul ɗin da ke sakin gas kaɗan, ya ɗaga kai ya dubi allo. Ya nemi ɗari, na'urar ta ce ta ba shi ɗari, Alƙali kuwa ya ce ƙarya ne, ɗari da shida ke wucewa. Ya ja tsaki ya jefar da sukudireba.

Alƙali shi ne babban ma'aunin shagon. Duk na'urar daidaita kwararar gas da masana'antun Sohar suka kawo gyara, sai an jona ta da shi, a tura naitirojin ta cikinsu. In bakinsu ya zo ɗaya, a sallame ta. In suka saɓa, na'urar ce mai laifi. Khalfan bai taɓa jin wanda ya tuhumi Alƙali ba, shi ma bai taɓa tunanin yi ba.

Yau kuma ba ranar gardama ba ce. Bayan la'asar jami'ar hukumar awo za ta zo daga Maskat ta duba aikinsu. In ta ƙi sa hannu, babu lasisi, masana'antar takin da ke kawo musu gyara za ta kwashe aikinta ta kai Dubai. Kuma Khalfan ne ya yi ta yi wa kawunsa Zahran daɗin baki har tsohon ya sayar da jirginsa na kamun kifi aka buɗe shagon nan.

Sati guda ya yi yana share teburin gyara don jami'ar ta tarar da shi fes. Sai ga shi da safen nan ya shigo ya iske wata sabuwar na'ura a gefen dama, cikin akwati mai soso. Dokar shagon tsohuwa ce: abin da Kawu ya ajiye a dama, na gyara ne. Kawu ba ya bayani, ajiyewa yake ya wuce.

Ya leƙa ɗakin baƙi don ya tambaya. Kawu na zaune da direban da ya kawo ta, ga gahawa ga dabino, ana ta "Akwai labari?" "Babu sai alheri." Ba a katse wa baƙo gahawarsa da zancen aiki. Khalfan ya gaisa, ya sha kofi ɗaya a tsaye, ya koma yana cizon leɓe.

Ya fara da abin da ya saba. Ya kwance bawul ɗin yana jiran ya ga datti a mazauninsa, sai ya tarar da shi tas, ko ƙura babu. Robar da ke hana gas yoyo ma ba ta ci ba. Duk da haka ya canja ta. Ya mayar, ya saita notin yadda bawul zai rufe ruf in an ce tsaya, ya buɗe sosai in an ce tafi. Ya shafa kumfar sabulu a kowane mahaɗi, ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Ya kunna. Ɗari da shida.

Shinkafa da kifin da aka aiko daga gida suka huce a ƙasan tebur. Ya yi azahar rabin hankalinsa na kan noti, ya sallame yana istigfari.

Kawu Zahran ya leƙo, sanda a hannu.

"Har yanzu, ɗan ƙanwata? Ba kai ka ce min ƙarfe ya fi kifi jin magana ba?"

"Kawu, wannan ta wace masana'anta ce? Taurin kai gare ta kamar akuya."

"Oho. Direba ya ce a ajiye ta a ɗakin da kuke aiki, na ajiye. Kai dai kada matar nan ta zo ta tarar da shirme, don ba ni da wani jirgin sayarwa."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Haushi ya taso masa har wuya. Saura abu ɗaya bai taɓa ba: ɗan notin awo da ke gefe, wanda aka liƙe da jan hatimi. Ya san ba a fasa hatimi sai da izinin mai kaya. To amma mai kayan ma wane ne? Mutum ya aiko da abu babu suna babu bayani, a irin wannan rana! Ya sa bakin wuƙa ya kankare.

Murɗa ɗaya, ɗari da huɗu. Ya ƙara. Ɗari da ɗaya. Ya riƙe numfashi ya taɓa shi da kyar. Ɗari cif. Ya gwada a hamsin, ya gwada a goma, duk ta bi Alƙali sau da ƙafa. Khalfan ya jingina da kujera ya yi hamdala, har da 'yar dariya.

Jami'ar hukumar, Injiniya Muza, ta iso kan lokaci. Ta sha gahawarta, ta girgiza kofi alamar ta ishe ta, ta ce a kai ta wurin aiki. Kawu na gaba yana washe baki, Khalfan ya nuna mata allo da hannu biyu.

Ba ta dubi allon ba. Na'urar ta ɗauka, ta juya ta, ta daɗe tana kallon gefenta.

"Wa ya buɗe wannan?"

"Ni ne, Injiniya. Ta wahalar da ni, amma na shawo kanta."

Ta ajiye ta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Wannan ma'aunin hukuma ne," in ji ta. "Na aiko shi tun safe ya saba da sanyin ɗakinku, don da shi zan gwada ko Alƙalin naku yana faɗin gaskiya."